Gwiwar Mota

Shekara uku ke nan rabon Inna da shiga mota, kuma abin kunyar shi ne ɗanta bakanike ne. Ba ƙaramin bakanike ba ma. In ka tsaya a bakin titi ka ce ina garejin Guduma, mai faci ma zai nuna maka da haɓa ba tare da ya ɗago daga aikinsa ba. Sunan nan kuwa ba a banza ya manne masa ba. Shi a wurinsa duk abin da ya ƙi kwantuwa bai ji duka ba ne, duk abin da ya lalace kuma rashin ƙarfi ne ya kashe shi. Ka kawo masa mota da ƙusa ta karye, zai sa maka wadda ta ninka ta kauri, ya ɗaure ta har jijiyar wuyansa ta fito. Motocin da ya gyara ba sa saurin mutuwa, wannan kam a ba shi haƙƙinsa. Sai dai masu su kan sauko suna dafe da ƙugu.

Yadda aka yi Inna ta raba gari da mota ba wani dogon labari ba ne. Tana da ’yar’uwa guda ɗaya da ta rage mata a duniya, wadda ta girme ta da shekara huɗu. Inna tana ce mata Yaya, don haka kowa a gidan Yaya yake ce mata, har Guduma da furfurarsa. Gidan Yaya tafiyar awa biyu da rabi ne: awa ɗaya a kwalta, sauran kuwa gargada ce da ramuka. A zuwansu na ƙarshe shokozoban motar Guduma sun mutu murus, sai motar ta faɗa rami ɗaya ta yi ta lilo har ta tarar da na gaba. Inna ta isa da jiri, ta dawo da amai. Guduma ya ji kunya, ya kwance shokozoban nan huɗu ya gyara su irin gyaransa. Da suka sake kama hanya bayan wata biyu, motar ta daina lilo, ta koma duka. Ko tsakuwa taya ta taka sai ka ji ta a ƙashin bayanka. Ba su kai rabin gargadar ba Inna ta ƙwalla ƙara, aka juyo da ita, ta yi mako uku a kwance.

Ranar da ta fara tashi zaune ta ce, “Ni da mota kuma, sai ranar da ba ni da bakin cewa a’a.”

Tun daga nan zumuntarsu ta koma ta waya. Kowace yamma Inna takan zauna a kan tabarmarta a bakin ƙofar ɗaki, ta kira Yaya, kuma da yake ba ta san inda ake rage muryar wayar ba, duk gidan ne ke sauraro. Hirar ba ta canzawa. Su tambayi ƙafa, su tambayi baya, su lissafa jikoki, daga nan sai a dawo kan tulu. Wai shekara sittin da wani abu da suka wuce, a hanyar rijiya, an fasa tulun mahaifiyarsu, kuma har yau ba a gano wadda ta fasa ba.

“Ke ce,” in ji Yaya. “Ni aka daka, amma ke ce.”

“Ni? Ni da tun da nake ban taɓa zubar da ko ɗigon ruwa ba? Ki tambayi duk wanda ya san ni.”

“Duk sun mutu, shi ya sa kike cika baki.”

Sai su kwashe da dariya, Inna tana riƙe da bayanta tana cewa wayyo.

Wata yamma Guduma ya dawo daga aiki, yana tsugune a bakin famfo yana dirzar hannunsa da sabulu, ya ji hirar ta ɗauki wata hanya. Yaya ta ce an kai ta wurin likitan ido. Ta ce hagun ya riga ya tafi, daman ma ya fara hazo, kuma likitan bai ɓoye mata komai ba: wata uku, ko huɗu in Allah ya yi jinkiri.

“Ban damu da ganin kaji da bango ba,” in ji ta, “na gan su har na gaji. Fuskarki ce dai nake so in ga yadda tsufa ya yi da ita. Ni ƙafa ta hana ni, ke baya ya hana ki. To, zumunta a ƙafa take, ga shi mu biyu ba mai ƙafar.”

Inna ta duba wayar. Ta ce wai cajin wayarta ya kusa ƙarewa, ta kashe, alhali da rana jikarta ta cika mata ita. Ranar ba a yi zancen tulu ba. Guduma ya ci gaba da wanke hannun da ya riga ya fita tas, don ba ya son ya juyo su haɗa ido. Shi ne ya raba su, ya sani, kuma da hannunsa da sifanarsa ya yi.

Washegari ko shayi bai tsaya sha ba ya nufi shagon maƙwabcinsa mai sayar da kayan mota, wanda ake ce wa Akwai. Shi kuma ya samo nasa sunan ne don bai taɓa ce wa mai saye babu ba. Ka tambaye shi fiffiken jirgin sama, zai ce akwai, ka dawo jibi.

“Shokozoba nake so,” in ji Guduma, “wanda tsohuwa mai ciwon baya za ta yi awa ɗaya da rabi a gargada ba ta ce uffan ba.”

“Akwai. Na tifa ma akwai, in ƙarfi kake so.”

“Na gwada ƙarfi, shi ya kwantar da ita.”

Akwai ya saki baki. Shekara ashirin suna maƙwabtaka bai taɓa jin wannan magana daga bakin Guduma ba. Ya jawo masa benci, ya ce, “Tsakani da Allah, ni fa sayar da abin nan kawai nake yi. Wai me ke cikinsa ne? Ba sifirin ne ke ɗauke da motar ba?”

Guduma ya ɗauko wani tsohon shokozoba daga cikin tarkacen shagon ya ɗora a cinya. In dai zancen ƙarfe ne, bakinsa ba ya nauyi.

“Sifirin ne ke ɗauke da ita, amma sifirin ba shi da hankali. Ka danna shi ya taso, ya koma, ya sake tasowa, kamar yara sun samu sabuwar katifa. Wannan shi ne babban da ke shigowa ɗakin ya ce ya isa haka. Ka ga bututun nan? Mai ne cike a ciki. Sandar nan kuma a ƙarshenta akwai fistan mai ’yan ƙananan huji. In taya ta hau tudu, sanda ta shige, dole man ya bi ta hujin nan ya koma ɗaya gefen. In ta sauka, ya sake biyowa ya dawo. To mai ba ya son matsatsiyar ƙofa, sai ya yi ta jan ƙafa. Jan ƙafar nan shi ke cinye tsallen. Ka taɓa shi bayan an sha gargada, za ka ji ya yi zafi. Tsallen ne ya koma zafi.”

“Ikon Allah,” in ji Akwai. “To ai ka san komai.”

Haka shi ma Guduma yake zato, kuma a nan matsalar take. Ɗan Adam tara yake bai cika goma ba, shi kuma ɗayan da ya rage masa shi ya fi muhimmanci.

Ya ari kala biyu a wurin Akwai, masu laushi da masu tauri, ya aika gida aka kawo masa kwanon silba daga kicin ɗin matarsa. Dabarar da ya yi ita ce, ya cika kwanon da ruwa saura yatsa biyu, ya girke shi a kujerar baya, daidai inda Inna take zama. Bayan garejin akwai wata hanya da ruwan sama ya cinye, mai ramuka uku a jere da tudu ɗaya. Ya ce in kwano ya wuce nan lafiya, Inna ma za ta wuce.

Da masu laushin, ramin farko ya wuce kamar ba a yi ba, har ya fara murmushi. Amma motar ba ta tsaya a nan ba. Ta yi sama, ta yi ƙasa, ta sake yin sama, ruwan ya bi ta yana kai kawo har ya haura bakin kwanon. Da masu taurin kuwa, ramin farko ma bai bari an je na biyu ba. Ji kake kwaram, kwanon ya yi tsalle ya kife, kuma a kan ’yar gargadar da ke gaba tayoyin suka riƙa barin ƙasa, sitiyarin ya yi sakayau a hannunsa kamar ba a haɗe yake da komai ba. Ya mayar da nasa na asali, waɗanda ya gyara da kansa, suka fi kowanne mugunta. Kwana huɗu yana wannan, yana kwancewa yana ɗaurawa, kujerar baya ba ta bushe ba ko sau ɗaya.

Matarsa tela ce, kuma bakinta ya fi almakashinta kaifi. Ta leƙa motar a rana ta huɗu, ta taɓa kujerar, ta shinshina yatsunta.

“Baban yara, in kifi za ka fara kiwo ka faɗa min, in nemo maka abincinsu. Kwanona kuma ya lotsa wuri uku, ina lissafe.”

Mai laushi ya zubar, mai tauri ya zubar, tsaka-tsakin ma ya zubar, ta nan kaɗan ta can kaɗan. Kansa ya ɗaure. A ransa kuma yana ƙirga kwanakin idon Yaya, kowace rana da ta faɗi sai ya ji kamar shi ya ɓatar da ita.

A yammacin ranar famfon bayan gida ya ƙi kawo ruwa, sai aka koma ɗiba daga tankin tsakar gida. Guduma ya cika baho zai kai wa Inna banɗakinta. Tsakanin tankin da ɗakinta akwai matakala uku da ake sauka. Ya rungumi bahon a ƙirji, ya sandare ƙafafunsa don kada ya zube, ya sauka ta farko dim, ta biyu dim. Kafin ta uku rigarsa ta jiƙe har wando.

Inna tana zaune tana kallonsa, ta riƙe haɓa.

“Ashe ba laifin motar ba ne,” in ji ta. “Gado ta yi.”

“Inna, ruwa ne, dole ya motsa.”

“Dole? Miƙo min kwanon can da ka lotsa wa matarka. Cika shi. Ba haka ba, cika shi har baki.”

Ya ce bayanta, ta ce bayanta ne ba nasa ba. Ta dafa bango ta miƙe, ta hau matakalar a hankali, ta naɗe ɗankwalinta ta yi gammo, ta ɗora kwanon a ka. Matar Guduma ta fito daga ɗakin ɗinki da tef a wuya, ta tsaya. Tsohuwa mai shekara saba’in da biyu, wadda ba ta iya sunkuyawa ta ɗauki takalminta, ta sauko matakala uku, ta taka tsakar gida har bakin ƙofarta, ta juyo. Ruwan yana ƙyalli a bakin kwanon, ko ɗigo bai sauka ba.

“Ka gani?”

“Na gani, Inna. Wuyanki ne bai motsa ba.”

“Kai dai an yi babban banza. Wa ya ce ka kalli wuya? Wuya ɗan kallo ne. Gwiwa za ka kalla.” Ta ɗan ɗage zaninta zuwa ƙwauri, ta koma matakala ta ƙarshe. “Duba nan. In ƙafa ta taɓa ƙasa, gwiwa ba ta gardama. Nan da nan take lanƙwashewa, ta karɓi abin da ƙasa ta ba ta. In ta tsaya ƙiƙam irin taka, dukan sai ya wuce har ka, ruwa ya yi tsalle. To amma wajen miƙewa, nan ne ake jan aji. In ka miƙe da saurin da ka lanƙwasa, ka wurga ruwan sama da kanka. Karɓa da sauri, mayarwa a hankali. Wannan ko ’yar shekara bakwai ta sani a hanyar rijiya.”

Ta sake yi, ya zuba wa gwiwar ido. Ta sauka laƙwas, ta taso sannu, kamar mai tashi daga gaban manya.

Guduma ya zauna a kan matakalar da ya jiƙa, bai ma ji sanyin ba. Shekara talatin yana tambayar kansa tambaya ɗaya, laushi ko tauri, ashe tambayoyin biyu ne: yaya zai shiga, yaya kuma zai fito. Sai kuma wani abu ya faɗo masa a rai, wanda ya sa ya dafe kai da hannu biyu.

“Lafiya?” in ji matarsa.

“Faya-fayan,” in ji shi. “Wayyo ni, faya-fayan nan.”

Ga abin da ya tuna. Shokozoban motarsa irin na da ne, masu murfin da ake kwancewa. A kan hujin fistan ɗin, sama da ƙasa, akwai ’yan faya-fayan ƙarfe sirara kamar reza, waɗanda mai ke turawa su ɗan buɗe kafin ya wuce. Ranar da ya fara buɗe su, shekara uku da suka wuce, ya tarar gefe ɗaya faifai biyu ne, ɗaya gefen kuma shida. Sai ya yi tsaki, ya ce ka ga aikin ’yan kamfani, ko ƙirga ba su iya ba. Ya tattara su ya raba daidai, huɗu nan huɗu can, saboda shi mutum ne mai son adalci. Ya zubar da siririn man da ya tarar, wanda a ganinsa ruwa-ruwa ne marar amfani, ya ɗura man giya mai kauri. Har ya yi kwana biyu yana ba abokan aiki labarin yadda ya gyara wa masu ƙera mota kuskurensu.

Da gari ya waye shi ya riga mai shara zuwa gareji. Ya ɗaga motar a jak, ya ciro su huɗun, ya shimfiɗa farin tsumma a kan benci, abin da ba a taɓa gani ba a garejin Guduma. Ya wanke kowane fistan da fetur har hujin suka fito tas. Ya mayar da faifai biyu a gefen da mai ke bi in sanda za ta shiga, shida a gefen da yake bi in za ta fito. Ya aika wa Akwai cewa yana son siririn man shokozoba na ainihi, Akwai ya ce akwai, kuma abin mamaki, a wannan karon akwai ɗin. Ya ɗura shi sannu a hankali, yana tura sandar yana jawowa har kumfar iska ta gama fita, don mai da ya yi kumfa ba ya riƙe komai. Gudumarsa tana rataye a bango tun safe, ba wanda ya taɓa ta.

Da ya gama na farko ya kafa shi a ƙasa ya danna da tafin hannu, ya shige ba musu. Ya kama ya ja, sai da ya sa ƙarfi, yana fitowa kamar ana roƙonsa.

Akwai, da ya zo kallo, ya ce, “Wannan ai ya lalace. Gefe ɗaya ya fi ɗaya.”

“Haka na ce shekara uku da suka wuce,” in ji Guduma. “Je ka tambayi Inna.”

Bai dace a karon farko ba. Na baya sun ɗan yi tauri wajen fitowa, har motar takan zauna a kan ramuka na jere ba ta gama tasowa ba, don bayan motar bai kai gaban nauyi ba. Ya sake buɗewa ya rage faifai ɗaya ɗaya. Da ya mayar, ya danna kusurwar motar da duk nauyinsa ya saki. Ta taso sau ɗaya, ta tsaya cak. Ya cika kwano, ya bi hanyar bayan gareji, rami uku da tudu ɗaya. Ya ji tayoyin suna bin ƙasa suna lallaɓa ta, sitiyarin yana nan daram a hannunsa. Da ya tsaya ya daɗe bai waiwaya ba, don tsoro. Kujerar a bushe take.

Shawo kan Inna ya fi gyaran wuya. Ta ce ta rantse. Matarsa ta ce ai ba rantsuwa ta yi ba, magana ce ta mai jin ciwo, kuma ita shaida ce. Inna ta ce to ta ji, amma da sharaɗi: ita za ta riƙe kwanon a cinyarta, kuma duk inda ɗigo ɗaya ya taɓa zaninta, a nan za a juya.

“Kuma ba gudu. Sannu ba ta hana zuwa.”

“Sai dai a daɗe ba a je ba,” in ji matarsa, tana cusa mata matashi a baya. “Shekara uku ai an daɗe, Inna.”

Suka tashi da hantsi, su biyu. A kan kwalta Guduma yana satar kallon Inna ta madubi: ta ƙanƙame kwanon, ta tsuke baki, ta zuba wa ruwan ido kamar mai jiran ya yi mata rashin kunya. Da suka sauka daga kwalta ya gyara riƙon sitiyari. Ga ramin farko nan, wanda ya sani sarai, don a nan ta fara cije leɓe wancan karon. Ya rage gudu, taya ta faɗa, motar ta karɓa, ta taso a hankali. Ruwan ya ɗan karkata ya dawo.

Rami na biyu ma haka, na goma ma haka. Wajen rabin gargadar, daidai inda suka juya a wancan zuwan, sai ya ji ta yi gyaran murya.

“Wancan gini da ba ya nan.”

“Sabo ne, Inna.”

“Bishiyar da ke kwanar nan fa, sun sare ta?”

“Tana gaba.”

“Hm.” Can kuma ta ce, “Ka sa mata gwiwa ke nan.”

“Taki na ara.”

“To ka dawo min da ita in mun koma, ina da buƙata.”

Dariya ta ƙwace masa har ya kusa faɗawa wani ramin da bai gani ba, ta ce ya kalli gabansa, ba ta son sakarci. Daga nan bakinta ya buɗe. Ta ba shi labarin kowace gona da suka wuce, da wanda ya mallake ta, da abin da ya kashe shi. Hannu ɗaya kawai ta bari a kan kwanon, ɗayan tana nuni da shi ta taga.

Sun tarar da Yaya a ƙofar gida, zaune a kan kujera ’yar tsugune, sandarta a jingine da bango. An gaya mata tun jiya, kuma jikokinta suka ce tun da ta karya take nan, ta ƙi shiga ko don rana. Guduma ya tsaya a gabanta kaɗan, ya kashe inji, ya zagayo ya buɗe ƙofar baya. Inna tana zaune da kwanonta, ruwan yana nan inda aka zuba shi, saura yatsa biyu.

Yaya ta dogara sandarta ta taso. Ta zo har bakin ƙofar motar tana jan ƙafa, ta sunkuya, ta karkata kai don ta kawo idon daman gaba. Ta matso har numfashinsu ya haɗu. Ta daɗe tana kallo, daga goshi zuwa haɓa, kamar mai karanta wasiƙa.

“Kai,” in ji ta. “Kin tsufa, ’yar nan. Kin koma Innarmu sak.”

Inna ta buɗe baki za ta rama. Haɓarta ta fara rawa, sai kafaɗunta, sai hannuwanta. Kwanon ya karkata, ruwan nan da ya sha gargadar awa ɗaya da rabi bai zube ba ya kwarara a cinyarta gaba ɗaya, ya gangara har takalmin Yaya.

Yaya ta kalli ƙafarta, ta kalli zanin, sai ta buga sandarta a ƙasa.

“Na gani! Wallahi na gani da idona! Ke da ba ki taɓa zubar da ko ɗigo ba! Kai, ɗan nan, ka zama shaida.”

“Motarsa ce,” in ji Inna, tana share ido da bakin mayafi. “Motar nan ba ta da kirki.”

“Inna, a kashe take,” in ji Guduma.

“Wa ya sa bakinka?”

Yaya tana dariya hawaye na bin kumatunta, ta saki sandar ta faɗi, ta kama fuskar ƙanwarta da hannu biyu, ba ta ko ƙiftawa.

“Tulun nan ma ke ce,” in ji ta a hankali.

Inna ta ɗora hannunta a kan na Yaya.

“Ni ce,” in ji ta. “Tuntuɓe na yi. Ki gama kallon, ba sauri nake ba.”

Guduma ya tsinci sandar ya jingina ta da motar, ya ɗauke kwanon daga cinyar Inna don kada ya tsaya a tsakaninsu. Ya koma gefe ya tsuguna a gindin tayar baya, wai yana duba wani abu. Ya kai hannu ya taɓa shokozoban, ya ji shi da ɗumi, ya bar hannunsa a wurin.